Sandunan Labbo

Ni na ɗauki gangunan Labbo shekara goma sha ɗaya,
a ka, da gammo, daga Sabon Gari zuwa kulob ɗin tasha.
In kuna son labarinsa ku tambayi wuyana.

Ɗan makaɗan fawa ne a Ƙauran Namoda.
Ubansa kan matse kalangu tun assalatu,
mahauta su ji takensu, wuƙa ta ƙara sauri.
Shi kuwa kunnensa na can bakin dogo,
inda jirgi ke tiƙewa ya juya kai Kudu.
Ya ce ƙarfe ma yana da take,
ba a dai saurara ba.

Ajayi direban jirgi, mai busa ƙahon tagulla,
ya sauko da ganguna biyar cikin akwatin shayi,
babbar ana taka ta da ƙafa kamar keken ɗinki.
Suka ce sunan kiɗan jaz.
Labbo ya zauna kan garwa, ya taka, ya daki faifai,
ya yi dariya har hularsa ta faɗi:
"Ashe mutum guda na iya zama mutum huɗu!"

Tsoho ya yi wata bakwai bai amsa gaisuwarsa ba.
"Gangar da ba ta magana, mi za ka yi da ita?"
Sai Labbo ya rataya kalangu gefen baƙuwar
ya riƙa koya mata Hausa.
Ran da ta kira sunan kakansa daidai,
tsoho na bayan katanga, ya tofar da goro, ya koma gida
ya aiko da fatar akuya.

Taurarin Dogo, mutum bakwai, farar riga, jar dara.
Asabar Gusau, wata Asabar Mafara,
kakar gyaɗa kuwa ba ma ganin gado.
Bai taɓa ƙirga da baki ba,
girar hagu yake ɗagawa, kowa ya shigo.
Wanda ya makara, sisi.
Wanda ya sha kafin aiki, sule da harara.
Kan fatar ganga yake raba kuɗi,
nasa kason shi ne na ƙarshe,
wani dare taro ne da godiya.

Shekarar tsoro Nwosu mai jita ya bi jirgin dare,
ya bar jitar da takalmi ƙafa ɗaya.
Daga ranar, a kowane kiɗa
Labbo kan ɗaga hannu ya bar gurbin bugu huɗu.
Masu rawa suka ɗauka sabon salo ne,
har suna tafi.
Mu ba mu tafa ba.

Kaset ya zo. Jirgi ya fara nawa, ya koma sai an ga dama.
Kulob ya zama rumbun dawa.
Ya sayar wa firamare babbar ganga,
yara na dukan ta a fareti ba tausayi,
shi yana teburin mai shayi yana gyara musu da cokali.
Kunnen hagu ya mutu ya bar shi.
Bai ce an cuce shi ba.
Cewa ya yi, kasuwa ta tashi, na sayar da abin da na kawo.

Da damina ya kwanta.
Na je na tarar ruwa na dukan kwano,
yatsunsa biyu na tafiya kan tabarma.
Ya jawo ni: "Bagudu, ka ji?
Yana gaggawa. Ce masa ya bi a hankali."

Sandunansa na wurina, icen kanya, sun yi baƙi wajen riƙo.
Jiya jikata ta ɗauki ɗaya za ta kori kaza.
Na buɗe baki in tsawatar,
sai ta bugi ƙofa sau uku, ta dakata,
ta sake.
Na bar mata.